Gyaran da Ticha Bai Ƙarasa Ba

Ni da Ticha a sakandare ɗaya muka koyar a Birnin Gwari. Shi lissafi yake koyarwa, ni kuma aka ɗora mini darasin kwamfuta don kawai na iya buga takarda. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, kuma duk garin Ticha ake kiransa, har matarsa.

A ofishinmu akwai tsofaffin kwamfutoci uku da muka sa wa wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta. Ticha mayen gem ne, amma wasannin da yake so ba don irin tsarinmu aka yi su ba. Sai an bi ta wata manhaja da masu sa-kai na ƙasashe daban-daban suke rubutawa. Ya taɓa ce mini, "Malam, tafinta ce. Gem ya ce a zana itace da yarensa, ita kuma ta faɗa wa kwamfuta da nata yaren. In ta kuskure fassara, sai ka ga shirme a allo."

Shirmen da ya dame shi yana cikin wani gem na maharbi mai yawo a daji. In maharbin ya yi gaba, inuwarsa ba ta binsa. Sai ta tsaya inda ya baro ta, wata ta fito, ita ma ta tsaya, har ƙasa ta cika da inuwoyi babu masu su. Ni dariya abin yake ba ni. Shi kuwa wata biyu ya yi yana bin layukan manhajar bayan an tashi makaranta, ina gefe ina motsa maharbin in ya ce in motsa, har na fara gane abin da yake karantawa.

Wata Alhamis ya bugi tebur ya ce, "Na kama ta! Ba ta goge tsohon zane kafin ta yi sabo." Ya gyara, inuwa ta bi mai ita. Sai dai ruwan rafin cikin gem ɗin ya koma baƙi ƙirin. Ya ce saura wannan, in ya dawo daga duba mahaifiyarsa a asibitin Kaduna zai ƙarasa, mu aika wa masu manhajar.

Ranar Asabar da safe ya shiga mota. Kafin azahar labari ya iso gari cewa an tare hanya, an kora fasinjoji daji. Bayan watanni wasu suka dawo. Ɗayansu, wani mai sayar da hatsi daga Kakangi, ya ce ya ga Ticha a kwanakin farko da kumburarriyar ƙafa, daga baya aka raba su gida biyu. Iyakar abin da muka sani ke nan har yau.

Na daɗe ban taɓa kwamfutarsa ba. Ranar da na kunna, na buɗe gem ɗin, sai ga maharbin tsaye a bakin baƙin rafin inda Ticha ya bar shi, kafaɗunsa na ɗagawa kamar mai numfashi, itatuwa na kaɗawa. Na kashe na fita waje.

Kashegari na dawo na buɗe layukan. Ticha yana barin wa kansa 'yan rubuce-rubuce a tsakaninsu, Turanci haɗe da Hausa. A wani wuri ya rubuta, "nan ma a duba." A wani kuma, "tambayi Malam ko ya ga haka a tasa." Ban san lokacin da na juya wajen kujerarsa zan ba shi amsa ba.

Makonni na yi ina lalube kafin ruwan ya koma ruwa. A lokacin an katse layin waya a garin, dole na kwafi aikin a filas ɗin kwamfuta na bi ayarin motoci zuwa Kaduna don in aika. Tun daga fita gari idona na kan itatuwa, ina duba tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya.

Da sunan Ticha na aika. Bayan kwana biyu wani daga cikin masu manhajar ya amsa da godiya, ya ce akwai layi ɗaya da bai gane amfaninsa ba, ko mai gyaran zai yi bayani? Na rubuta masa cewa mai gyaran ba ya nan, ni ma ban sani ba. Ya cire layin ya gwada, hoto ya lalace, ya mayar. Haka suka karɓi gyaran.

Da matar Ticha ta zo kwashe kayansa za ta koma wajen danginta da yara, na nuna mata saƙon. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Wannan ne yake hana shi dawowa gida da wuri?"

Na ce, "Shi ne, Madam."

Ta ɗauki littattafansa da kofinsa, ta bar rigar sanyinsa a jikin kujera. Na bi ta da ita har ƙofa. Ta girgiza kai ta ce, "Bar ta nan, Malam. In ya dawo, nan zai fara zuwa."