Mai Kwat da Silifas

A hawa na uku na benen da gwaggona take haya, wani mutum yana zaune a bakin ƙofarsa, kwamfuta a kan cinyarsa. Ban san shi ba. Zai kai shekara hamsin da ɗoriya, furfura ta fara cin gemunsa. Daga sama kwat ce da ta sha guga, daga ƙasa kuwa silifas ɗin wanka.

Intanet ɗin gidan ne ya ɗauke. Yana ɗaga kwamfutar a hankali, yana karkata ta wajen taga, kamar mai tarar ruwan sama a faranti.

"Maman yara, kin zare wayar na'urar daga soket?"

"Na zare," in ji matarsa daga ciki.

"To, ƙirga talatin ki mayar. Saura minti huɗu su kira."

Ya lumshe ido, leɓɓansa suna ƙirgawa tare da ita, hasken hantsi kwance a kafaɗarsa. Ina jin ganawar neman aiki ce. Wataƙila ya yi shekara ashirin a wani ofis mai fanka da labule, da kujerarsa da kofin shayinsa, har ranar da aka ce ya je ya huta. Wataƙila can hankalinsa ya tafi yanzu.

"Koriyar wutar ta kama!"

Ya buɗe ido, ya gyara zama. Ina raɓawa ta gefensa da sanɗa, sai na ji muryarsa ta sauya, ta cika.

"Barkanku da safiya. Kuna ji na?"