Malam Haladu da Firjin Kananzir

A bazarar 1996 Malam Haladu ya fara zagayen ƙananan asibitocin ƙauyukan Malumfashi, yana kula da firjin da ake ajiye alluran rigakafin yara. Wannan firji ba ya amfani da lantarki. Fitilar kananzir ake kunna masa a ƙasa, zafinta ya motsa ruwan da ke cikin bututai, ciki ya yi sanyi, zafin ya fice ta baya. Har yau, da ya idar da sallar Asuba yake hawa babur, almakashin lagwani da ma'aunin zafi a aljihu.

Wata shekara ƙyanda ta shigo ƙauyukan gefen Dayi, sai firjin wani asibiti ya ƙi sanyi. Allurar da ta ji zafi kuwa ta tashi aiki. Malam ya tarar ungozoma, Hajiya Raudatu, ta manna firjin da bango, ta lulluɓe shi da zanen gado mai ado, yadda ake yi wa kayan ɗaki masu daraja.

"Hajiya, amarya kika mayar da shi?"

"Haba Malam, kayan gwamnati guda, in bar shi tsirara?"

"Ai ta baya yake numfashi, kin toshe masa hanci."

Bai tsaya ga zato ba. Ya kai alluran zuwa Malumfashi cikin akwatin ƙanƙara, ya dawo ya zauna gwaji. Kwana tara yana matsar da firjin daga bango kaɗan-kaɗan, yana auna sanyinsa da hantsi da azahar. Ya yanka guntayen kwanon rufi, ya ɗaura wa bututan domin su ƙara fitar da zafi. Taku biyu daga bango, ma'auni ya sauka ya tsaya, sai ya dawo da alluran. Hajiya Raudatu ta shaida cewa yara sittin da uku ta yi wa allura a makon.

Kai ne, Malam, mai hura wuta domin 'ya'yanmu su sami lafiya, alhali iyayensu ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya saka da Aljanna. Ma'aikatanmu su koya daga gare ka: a auna kafin a yanke hukunci.

A watan jiya aka miƙa masa takardar ajiye aiki. Ya ninke ta, ya sa a aljihu kusa da ma'aunin.

"Ƙauyuka uku a bayan Ƙarfi ba su sami firjin sola ba tukuna," in ji shi. "Gobe can za ni."