Hular da Baba Ke Matsewa a Hammata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, har yau mutanen Birnin Kudu ba su gane shi ba. Wai ba shi da tausayi, don shi ke yi wa masu laifi bulala a kotu. Ƙarya ne. Ni 'yarsa ce, ni ke kai masa abinci, da idona na gani.

Kafin ya ɗaga bulala sai ya cire hularsa ya matse ta a hammata. Ma'auninsa ke nan: in hular ta faɗi, to hannu ya wuce iyaka, abin ya tashi daga hukunci ya koma huce haushi. Wata rana na ce, "Baba, ɓarawo ne fa, ka tsula masa mana!" Ya yi dariya ya ce, "Uwata, alƙali ya auna kafin ya yanke. Ya tambaya ko karon farko ne, me ya kai shi, wa yake ciyarwa. Ni wa ya ba ni izinin ƙari?" In ya gama, ya ba mutum ruwa, ya raka shi bakin ƙofa, ya ce, "Naka ya ƙare. Kar ka dawo."

Da yana nan yau, ni zai fara kallo, ba wani ba. Bara aka kama Ɗanjuma, maƙwabcin gonarmu a Sundimina, ya kwashe wa Inna riɗi. Alƙali ya ba shi wata huɗu. Na fito daga kotu ina masifa wai an yi masa sauƙi, na ɗauki hotonsa a waya na watsa. Ya fito tun kafin damina, ba mai kiransa ƙodago. Matarsa ba ta zuwa rijiya sai mata sun watse. Na alƙali ya ƙare, nawa ko ranar ƙarewa ban sa masa ba. Da hula na matse, da tuni ta faɗi.

Hular na nan a akwatin Inna, har yanzu da lanƙwasar hammatarsa. Bai bar mana gida babba ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari shi ne sanin inda hannu ke tsayawa.

Riɗin bana ya isa yanka. Da na gaya wa Inna niyyata ta ce ba ni da hankali, na ji. Ranar Asabar zan hau babur zuwa Sundimina, in yi sallama a ƙofar Ɗanjuma da rana tsaka, kowa na gani, in ce, "Malam Ɗanjuma, naka ya ƙare. Ɗauko laujenka."