Haƙoran Baba Biyu

Jiya a unguwar Al-Azizya na ga farar igiya a wani shago, sai na tuna Baba, dattijon da ya koya mini nutso. Kafin mu shiga ruwa yakan ce, "Ya waladi, ɗana, ko uwarka ce ta kira ka, kar ka saki igiya."

Wata rana muka nutsa cikin wani kogo a ƙarƙashin wata gonar dabino a garin Badr, muna neman inda ruwan rijiya ya toshe. Ƙafata ta tayar da laka, tocila ta daina nuna komai, na saki farar igiyar da ke nuna mana hanyar fita. Tsoro ya haukata ni. Na lalubo Baba, na fizge robar iskar da ke bakinsa, alhali tawa lafiyarta ƙalau. Na naushe shi, na taka fuskarsa ina neman sama. Shi kuwa ya murɗe hannuna kamar zai karya, ya ɗora shi kan igiyar, ya jawo ni.

Muka fito jini na zuba a gemunsa, haƙoransa biyu sun tafi. Mai gona ya tambaya, Baba ya tofar da jini ya ce, "Dutse ne. Halas, shi ke nan." Na bar maganar a haka. Har ya rasu sai an jiƙa masa dabino yake iya ci, kuma ban taɓa neman gafararsa ba.

'Ya'yan Baba, ba dutse ba ne, ni ne. Ya Allah, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini.