Littafin gem a hannun mai ƙosai

Ina warware ƙosan da na saya a tashar Gumel, sai na ga zanen maɓallan gem a jikin takardar. Shafi ne na ɗan littafin da ake haɗowa da kaset ɗin gem a da. Namu ta Maigatari suke shigowa daga Nijar, da Faransanci. Ko kalma ba ma ji, hotunan muke bi har mu ƙware.

Na koma wajen mai ƙosan.

"Iya, ina sauran littafin nan?"

"Ɗan nan, rabi ya bi ƙosai. Gobe sauran zai bi."

Wallahi ba zai bi ba. Da sassafe zan kai mata tsofaffin jaridu mu yi musaya.

Wanda ya ci ƙosan tasha yau, don Allah ya duba takardarsa kafin ya yar.