Doguwa ta shiga wayar Inna

Jama'a, yau saura kaɗan a yanka baƙar akuyarmu saboda ni!

Kwana uku ina neman pilot, manhajar da za ta sa katin wifi na ordinater ɗina, wato kwamfuta, ya riƙa raba ma wayoyi rezon intanet. Yau da hantsi ya kama! Don doguwar eriyarshi, na sa ma rezon suna Doguwa.

Sai ga Inna tana salati: "Sani, aljana Doguwa ta hito cikin wayata! Ku kamo akuya!"

Kahin in yi bayani, ta kirawo Baba Gado mai bori. Ya iso da turarenshi. Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Sani, wagga Doguwa taka ce?"

Na ce, "I, Baba."

Ya zaro tashi wayar daga aljihu: "To, mi ne kod ɗinta?"