Tabarmar Masu Karɓar Bashi

Na ci bashi ta waya na sayi injin ban-ruwa, ambaliya ta cinye shinkafar. Sai kamfanin ya sako ni gaba da kira: "Mun san gidanku a Gashuwa, muna nan tafe."

Zama ya gagare ni. Ko babur ne ya tsaya a ƙofa sai in zabura. Da mahaifiyata ta matsa, na gaya mata.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. "Ko bashi ya kawo su, sai sun sha ruwa," in ji ta.

Marasa kunyar ba su zo ba. Kullum Inna sai ta kakkaɓe tabarmar, tabarmar da ta fi kiransu hana ni sukuni.